Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayen Motar Gudu ta Alfarma Wadda Aka Taɓa Hawa, Ga Mazauna Katsina da Daura

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu sha'awar motocin gudu a Katsina da Daura, musamman matasan 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka tara abin da suka tara, suka ga lokaci ya yi da za su hau motar da suka daɗe suna kallo a waya. Na tattara su ne domin na ga mutane da dama sun sayi irin wannan mota da murna, bayan 'yan watanni kuma ta koma ƙarƙashin tamfol.

Wace irin mota ake nufi da motar gudu ta alfarma?

Mota ce da aka ƙera domin gudu da riƙe hanya a kwana, galibi mai ƙofa biyu, mai kwanciya ƙasa, mai babban injin da faffaɗan tayoyi. Daga Amurka akwai Ford Mustang, Chevrolet Camaro, Corvette da Dodge Challenger. Daga Jamus akwai Porsche 911, Boxster da Cayman, da kuma samfuran BMW M da Mercedes-AMG. Daga Japan akwai Nissan 370Z, Lexus RC da Toyota Supra. An daina ƙera Camaro da Challenger a ƙarshen 2023, saboda haka duk wanda yake son su yanzu, kusan dole ta hannu zai nema.

Mene ne bambanci tsakanin Beljiyam da wadda aka hau a gida?

Abin da muke kira Beljiyam, mutanen kudu kuma suke kira tokumbo, mota ce da aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, ba a taɓa yi mata lamba a Nijeriya ba. Sunan ya samo asali ne daga lokacin da yawancin motocin hannu suke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam, amma a yau mafi yawan motocin gudu daga Amurka da Kanada suke zuwa. Wadda aka hau a gida ta fi araha, sai dai ta riga ta sha fetur ɗinmu, ta bi hanyoyinmu, ta kuma shiga hannun bakanikai da ba a san adadinsu ba.

Kada sunan Beljiyam ya ruɗi kowa. Akwai motar da aka hau shekara biyu a Abuja, aka cire lamba, aka wanke injin da kananzir, aka manna takarda a gilashi, aka kafa ta a layin sababbin shigowa. Ramukan kusoshin lamba a bamba, alamar sitika da aka ɓamɓare a gilashin gaba, da jar ƙasa a lungunan ƙarƙashin mota su ne suke tona asirin irin wannan.

Me ya sa ake samun wasu da arahar da ta ba da mamaki?

Domin motar alfarma tana zubar da darajarta da sauri, amma kuɗin gyaranta ba ya sauka tare da ita. Motar da ta shekara goma ana iya samunta a kan ɗan kaso na farashinta na asali, alhali birkinta, tayarta da giyabos ɗinta suna nan a kan farashin motar masu kuɗi, kuma da dala ake sayo su. Tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a Yunin 2023, wannan tazara ta ƙara faɗi ƙwarai.

Idan arahar ta wuce hankali, to a cikin abu uku akwai ɗaya: ko takardun kwastan ba su cika ba, ko motar ta yi mummunan haɗari ko ta nitse a ruwa, ko kuma mai ita ya hango babban gyara yana so ya sauke nauyin a kan wani. An yi bayanin kowanne a amsoshin da ke ƙasa. Shawarata ita ce, duk wanda kuɗin sayen motar zai cinye abin da ke hannunsa gaba ɗaya, ya dakata, domin shekarar farko ce take fito da duk gyaran da mai ita na baya ya ɗage.

Za ta iya da hanyoyin Katsina da Daura kuwa?

A kan kwalta mai kyau, kamar manyan titunan cikin gari da hanyar Katsina zuwa Daura mai tsawon kimanin kilomita 80, babu matsala. Matsalar tana cikin unguwa. Tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa bai cika wuce santimita 10 zuwa 13 ba, yayin da na Hilux ya haura 20, saboda haka tuddan rage gudu da mutanen unguwa suke yi da kansu, bakin kwalbati, da gangaren shiga gida duk abokan gaba ne. Kafin a biya kuɗi, ya kamata mutum ya auna ƙofar gidansa da kuma layin da yake bi kullum, musamman yadda yake zama da damina.

Na taɓa tsayawa a bakin wani gida a Daura ana ƙoƙarin shigar da wata Camaro: yara biyu suna jera katako a gaban taya, mai motar ya leƙo da kansa ta taga yana tafiya kamar mai taka ƙwai, duk da haka sai da leɓen bamba ya karce siminti. Daga baya sai da ya fasa gangaren ƙofar aka sake zuba shi. Irin wannan mota a riƙe ta a matsayin mota ta biyu. Wanda ba shi da wata ta zuwa kasuwa, ƙauye da ta'aziyya zai wahalar da ita, ita ma ta wahalar da shi.

Wacce ce ta fi sauƙin riƙewa a nan?

A ganina, wadda injinta ba shi da tarkace da yawa kuma tana da 'yan uwa a kan hanyoyinmu. Lexus RC 350 tana ɗauke da injin V6 mai lita 3.5 daga dangin injinan da ke cikin manyan motocin Toyota da Lexus, waɗanda bakanikanmu suka saba da su. Nissan 370Z mai lita 3.7 da Mustang mai V8 na lita 5.0 su ma ba su da turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa iska cikin injin domin ƙara masa ƙarfi, kuma kayansu ba su kai na Jamus tsada ba. Mustang ta 2015 zuwa sama tana da wani samfuri mai silinda huɗu da turbo, lita 2.3, wanda ya fi sauƙin shan mai amma ya fi damuwa da ingancin fetur.

Motocin Jamus sun fi daɗin tuƙi, wannan ba a musu, sai dai suna buƙatar bakanike mai na'urar kamfanin da kuma mai haƙuri. A lura cewa Toyota Supra da aka dawo da ita a 2019 injin BMW ne a cikinta, saboda haka a lissafin gyara motar Jamus ce.

Yaya zan tabbatar da takardun kwastan, musamman idan an ce ta Maraɗi motar ta shigo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu mutanen bakin iyaka. Shekaru da dama motoci suna sauka a Kwatano, su ratsa Nijar, su shigo ta Jibiya ko Kwangwalam, har sunan Kwatano ya zama sunan motar hannu a bakin jama'a. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta mayar da shigowarsu tashoshin ruwa irin su Tin Can a Legas. Duk motar da aka ce ta biyo ta tudu bayan wannan lokaci, sai an yi mata binciken ƙwaƙwaf.

A karɓi takardar bayanin kaya da ake kira SGD mai ɗauke da lambar da ta fara da harafin C, da takardar ƙiyasin haraji, da rasiɗin banki, sannan mai saye ya kai su da ƙafarsa ofishin hukumar kwastan domin a duba a kwamfuta. Abu biyu ake nema: lambar shasin da ke takarda ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi, kuma shekara da samfurin da aka biya wa haraji su ne na gaskiya. Akan biya harajin ƙaramin samfuri a kan babba, ko a rage shekarar mota, kuma ranar da jami'ai suka tare ta a hanyar Kano ko Kaduna, wanda yake riƙe da sitiyari shi zai amsa, ba dillalin da ya sayar ba. Mota mai jan ido irin wannan ba ta wuce shinge ba a lura da ita ba.

Haka nan a guji wadda aka ƙera da sitiyari a dama, daga Ingila ko Japan, aka juya shi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin sitiyari a motar da za ta yi gudu mai tsanani kasada ce da rai.

Ta yaya ake gano tarihin motar a ƙasar da ta fito?

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba ake sayen rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda yake nuna yawan waɗanda suka mallake ta, haɗurran da aka kai rahoto, da nisan tafiyarta a lokuta daban-daban. Mai saye ya ciro rahoton da kansa, kada ya dogara da hoton da mai sayarwa ya turo ta WhatsApp.

Ko sanya lambar kawai a Google yakan fito da hotunan motar a filin gwanjon Copart ko IAA, a yanayin da take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta. Kalmar "salvage" a takardar mallaka tana nufin kamfanin inshora ya ga gyaranta bai cancanci kuɗinsa ba. Game da nisan tafiya kuma, motocin Amurka da mil suke ƙirge, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, idan rahoto ya nuna mil 90,000 shekara biyu da suka wuce, agogon motar kuma yau yana nuna 45,000, an juya shi.

Motar da ta taɓa haɗari ko ta shiga ambaliya, a bar ta gaba ɗaya?

Haɗari hawa-hawa ne. Wadda aka canza wa bamba da fitila, aka faɗa wa mai saye gaskiya, aka rage masa kuɗi, babu laifi a cikinta. Wadda ƙashin jikinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa kuwa, ba za ta ƙara tsayawa daidai a kan hanya ba, kuma a gudun kilomita 150 ne za a gane hakan. A duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi, bonet da but ko ta daidaita a ɓangarorin biyu, a duba walda a ƙarƙashi, a kuma lura da fitilar jakar iska: dole ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwan ne domin a ɓoye cewa jakar ta fashe ba a mayar ba.

Motar ambaliya ita ce nake cewa a gudu daga gare ta ko nawa aka sa mata. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 da ta Ian a Florida a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun shiga gwanjo, wasunsu kuma sun tsallako teku. Na taɓa raka wani ƙanina duba wata jar mota a Kano, fentinta kamar madubi, cikinta yana tashin turare. Bakaniken da muka je da shi bai ko buɗe bonet ba. Sai ya durƙusa, ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ya shafo busasshen taɓo da yatsa ya nuna mana, sannan ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga layin da ruwa ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, wannan ta yi wanka." Ruwa yana cin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, kuma babu ranar gamawa.

Me za a duba a injin da giya kafin a biya?

A nemi a tarar da motar da sanyin safiya ba a tayar da ita ba, domin ƙarar da injin yake yi a daƙiƙoƙin farko da launin hayaƙin salansa sukan ɓace idan ya ɗumama. Shuɗin hayaƙi alamar cin baƙin mai ce, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma alamar ruwa yana shiga silinda. A jona na'urar bincike, kuma kada a tsaya a kan cewa ba ta nuna matsala ba. A duba ko an goge bayanan kwanan nan, domin na'urar tana nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar ba ta kammala ba tun bayan gogewa. A ɗaga motar a leƙa ko abin tace hayaƙi da bakanikai suke kira indomi yana nan, saboda akan sare shi a sayar.

Sannan a tuƙa ta aƙalla rabin sa'a da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a cikin cunkoso da kuma a buɗaɗɗiyar hanya, ana kallon allurar zafi. Giyar da take fizga ko jinkirin shiga bayan ta yi zafi babban gyara ce. Bakaniken da zai yi wannan aiki ya zama na mai saye, shi ya biya shi, kuma ba abokin dillali ba.

Akwai cututtukan da aka san wasu samfura da su?

Akwai, kuma sanin su yana ba mai saye ƙarfin ciniki. Porsche Boxster da 911 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008 suna da wani boris a cikin injin da ake kira IMS, wanda idan ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Injinan da suka fito daga 2009 ba su da shi. BMW M3 mai V8, ta 2007 zuwa 2013, an san ta da cinyewar metal, kuma masu kula sukan canza shi tun kafin injin ya buga. Mercedes C63 mai lita 6.2 ta shekarun farko tana da matsalar kusoshin kan injin. A tambayi mai mota ko an yi waɗannan ayyuka, a kuma nemi rasiɗi.

Fetur ɗinmu da zafin Katsina ba za su kashe injin ba?

Yawancin waɗannan motoci an tsara su ne a kan fetur mai ƙarfin oktan 95 ko 98 a ma'aunin Turai, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar motar tana iya rage ƙarfin injin domin ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka, musamman ga mai turbo da aka taka da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A riƙe gidan mai guda da aka yarda da shi, a kuma nisanci man bumburutu. Waɗanda suka tuna gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 sun san ɓarnar da mummunan mai yake yi.

Baƙin mai kuwa sai wanda littafin motar ya ambata, da lambarsa da ƙa'idar kamfaninsa, misali 10W-60 ga M3 mai V8, kuma a riƙa juye shi da wuri fiye da yadda ake yi a Turai. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto, sai an riƙa dubawa. Abu biyu nake roƙon kada a bari a yi wa motar: cire abin daidaita zafin ruwa da sunan wai na ƙasar sanyi ne, da zuba ruwan rijiya a lagireto a maimakon ruwan sanyaya injin.

Me ya sa ake yawan magana a kan taya?

Domin tayoyin sirara ne a gefe, rami ɗaya yana iya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma a yawancinsu na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, ba abin dogaro ba ce a kan kwalta mai zafi. Da yawa daga cikin motocin nan kuma ba su zuwa da safaya.

A ina za a samu bakanike da kayan gyara?

A nemo bakanike kafin a nemo mota. Ƙananan ayyuka irin su juyen mai da birki ana yin su a Katsina, amma babban aiki yakan kai mutum Kano, mai nisan kimanin kilomita 170, ko Apo a Abuja. Kayan Beljiyam ana nemansu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, abin da ya gagara kuma sai an yi odarsa daga waje da lambar shasi, a jira makonni. Wannan jira ƙarin dalili ne kan abin da aka ce a amsar hanyoyi, cewa a riƙe ta a matsayin mota ta biyu.

Yaya ya kamata ciniki da dillali ya kasance?

A yanke la'adar dillali tun farko, a kuma san ko mai motar ne yake magana ko wakilin wakili. Kada a ba da kafin alƙalami sai an rubuta sharaɗin cewa za a mayar da shi idan binciken kwastan ko na bakanike ya fito da matsala. A biya ta banki zuwa asusun wanda sunansa yake kan takardun mallaka, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta injin a gaban shaidu biyu, a karɓi makullai duka, sannan a gaggauta sauya sunan mallaka a ofishin lasisin motoci.

A shari'ar Musulunci wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, sai dai tabbatar da hakan bayan kuɗi sun fita yana da wuya, shi ya sa ya fi kyau a rubuta duk abin da mai sayarwa ya faɗa game da haɗari, ruwa da nisan tafiya a cikin yarjejeniyar.

Inshora fa, da sayen mota ta hanyar banki, da zakka?

Inshorar dole, wadda take biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, amma ba ta gyara motar mai ita. Cikakkiyar inshora ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara, kuma akwai tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai son kauce wa shubuha. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha, inda banki yake sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, sai a tambaye su sharuɗɗansu game da shekarun mota. Motar hawa ba a fitar mata da zakka. Wadda aka saya domin a sayar kuwa tana cikin kayan kasuwanci.

Idan na saya a Legas ko Abuja, in tuƙo ta ko in ɗoro ta?

A ɗoro ta a kan motar ɗaukar motoci. Tafiyar sama da kilomita dubu daga Legas a motar da ba a san halinta ba, da tayoyin da ba a canza ba, a hannun direban haya da zai so ya gwada ƙarfinta, ba ita ce hanyar fara zama da ita ba. A ɗauki hoton kowane ɓangare da agogon nisan tafiya kafin a ɗora, a sa katako a gaban matakalar hawa domin kada bamba ya karce, a ba direba kwafin takardun kwastan, na asali kuma su zauna a hannun mai motar. Ranar da ta sauka Katsina, zangonta na farko garejin bakanike ne, a juye baƙin mai da man birki da ruwan lagireto, a canza matatun iska da na mai, kafin a zagaya da ita gari a kai wa iyaye su sa albarka.